Ranar da Na Hana Gwaggo Gyarar Man Gyaɗa

Ko zan manta da sunan unguwarmu, ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wanka da man gyaɗa a gaban manyan Jakara ba. Har yau in na wuce mai tuya ƙanshin nan ya bugi hancina, sai in ji kamar bayana yana danshi. Shekaru na yi ina ɓoye labarin, amma yanzu tsufa ya zo, kunyar ta yi laushi, gara in ba ku shi da bakina kafin wani ya ba ku shi da ƙari.

Abin ya faru ne 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai. Ina ajin ƙarshe a makarantar koyon fasaha da ke bayan ganuwar Kano, kuma ni ne na ɗaya a lissafi da zanen inji (ban bar kowa a unguwarmu Sheshe bai san haka ba, har da waɗanda ba su tambaya ba). Kullum fensir na maƙale a bayan kunnena. Da shi nake zuwa masallaci, sai in zan yi alwala in cire. In ana hira a dandali aka ambaci ko da keken ɗinki ne, sai in gyaɗa kai kamar ni na ƙera shi.

Malaminmu na injuna shi ne Malam Inuwa, wani siririn mutum mai haƙuri da ya yi karatu a Ikko. Fanninsa shi ne injunan da ke lura da kansu, waɗanda za su buɗe da kansu su rufe da kansu ba sai an tsaya a kansu ba. Burinsa guda ne a duniya, ya haɗa makarantarmu da masu sana'a na cikin gari. Yana so 'yan kasuwa su kawo mana matsalolinsu mu warware, su kuma su riƙa ɗaukar ɗalibanmu aiki. Ya bi su shago shago a kan kekensa har tayar ta suɗe. Kowa sai ya ba shi goro, ya yi masa addu'a, ya ce sai ya duba. Yana juya baya a ce 'yan boko ba su iya komai ba sai farar riga da Turanci.

Mutum ɗaya ne ya saurare shi, Alhaji Mamuda, mai ɗan injin matsar gyaɗa a Jakara, bayan kasuwar Kurmi. Rabin masu tuyar birni a wurinsa suke sayen mai. Ya ce wa Malam, "Ni damuwata awo ce. Masu auna min mai kowa da hannunsa. Wannan ya cika gwangwani, wancan ya rage, wani kuma yana hira mai na malala a ƙasa. Kullum rigima. In yaranka za su yi min abin da zai auna daidai, kuma 'yan'uwana 'yan kasuwa su gani su yaba, to duk shekara zan ɗauki ɗalibanku. Wanda ya yi aikin shi zan fara ɗauka."

Malam ya dawo makaranta yana murna kamar an yi masa haihuwa, kuma ni ya zaɓa. Ku lura da abin da ke kan wannan aiki: in ya yi kyau, ƙofar da Malam ya daɗe yana bugawa ta buɗe, ni kuma na sami aiki tun kafin in gama. In ya lalace, an ba masu cewa ba mu iya komai ba hujjar da za su riƙe har tsufansu.

Malam ya ce in je in zauna a shagon na 'yan kwanaki in ga yadda ake ciniki. Na je sau ɗaya. Na gwada tsawon tanki da faɗin gwangwanin awo, na ƙi zama a kan benci don kada ya ɓata min wando. Ina tsaye na ga mai awo ya cika wa wata mata gwangwani, ya juye mata, sannan ya ɗebo ɗan ludayi ya ƙara mata. Na girgiza kai na ce a raina, ga ɓarnar da Alhaji ke kuka da ita. Wallahi da ƙosai ne na ga an ƙara mata da nan take na gane gyara ce, ɗan ƙarin nan da kowane mai sayarwa ke yi bayan ya cika awo. Amma da yake da idon injiniya na zo, sai na ga kuskure.

Abin da muka ƙera ba shi da wuyar fahimta. Tankin mai yana sama, bututu ya sauko zuwa gwangwanin awo. A cikin gwangwanin akwai ƙwallon tagulla mai yawo a kan mai. In mai ya taso sai ƙwallon ta taso, ta tura wata sanda, sandar ta rufe famfo. Sai a ja hannu, man ya juye a kwanon mai saye, gwangwani ya sake cika da kansa. Wannan shi ne zanen Malam. Ni kuma na ƙara nawa: na sa hannun ba zai motsa ba sai gwangwani ya cika, in kuma ya motsa sai ya juye duka. Ko cikakken awo, ko babu. Sannan na rufe famfon da sandar a cikin akwatin ƙarfe na liƙe shi da dalma, yadda babu yatsan ɗan Adam da zai kai gare su.

Malam ya duba akwatin ya ce, "Ba ka ganin a bar wata 'yar ƙofa?"

Na ce, "Malam, ai hannun mutum shi ne cutar. In muka bar masa ƙofa me muka yi?"

Ya dube ni, ya ce, "To, aikinka ne." (Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Da ni ne shi da na kwaɗe wannan ɗalibi da sifana.)

Nan ne Gwaggo Asabe za ta shigo labarin. Yayar mahaifina ce, tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin lungunmu a Sheshe, kuma tun mijinta yana da rai a wurin Alhaji Mamuda take sayen mai. Muryarta in ta yi kira a Sheshe ana ji a Dukawuya. Rabin naman jikina ƙosanta ne. Kullum da safe in miƙa kwano ta zuba min abin da na saya, sannan ta tsamo wasu masu zafi ta jefa a kai ta ce, "Ga gyara, ɗan boko, a je a cika kai da Turanci." Tun ina yawo ba wando take yi min haka, ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba.

Ranar gwaji ta zo. Alhaji ya sa an share gaban shago an shimfiɗa tabarmi, ya gayyato mai unguwa da manyan 'yan kasuwar Kurmi, irin waɗanda suka sallami Malam da goro. Masu tuya kuma suka taru a gefe da kwanukansu, don labari ya zaga gari cewa an kawo inji mai ido. Malam ya ce in zo da kakin aiki. Ni kuwa na ari farar rigar angoncin yayana, mai aiki a wuya, na kafa hula, na mayar da fensir mazauninsa. Na ce a raina ranar da za a san ni ba zan fito kamar bakanike ba.

Na tsaya kusa da injin na yi bayani. Na yi wa mutanen da suka shekara arba'in suna awo bayanin ma'anar awo. Sannan na buɗe tanki. Mai ya gangaro, gwangwani ya fara cika, kowa ya miƙo wuya. Yana kaiwa baki sai aka ji ƙas, famfo ya rufe da kansa, ko ɗigo bai zuba ba.

Wuri ya ɗauki "Ikon Allah!" Wani dattijo ya leƙa bayan akwatin ko akwai mutum a ɓoye. Aka maimaita, aka kawo gwangwanin Alhaji na da aka gwada, ya zo daidai cif. Mai unguwa ya ce a sake, aka sake. Na ga Malam Inuwa yana share ido da gefen hannun riga. Ni kuwa kaina ya kumbura har hular ta fara matse ni.

Alhaji ya ce, "Madalla. To wa zai buɗe mana ciniki?"

Kafin ya rufe baki Gwaggo ta ratso mutane da kwanonta. Ta ce, "Ni ce. Ɗan ƙanina ne ya yi, da ƙosaina aka yi wannan ƙwaƙwalwa."

Aka yi dariya, ni ma na yi, irin ta manya. Na karɓi kwanon da hannu biyu, na ja hannun inji, mai ya juye. Na miƙa mata ina jiran shi albarka. Ba ta karɓa ba. Ta leƙa kwanon, ta dube ni, ta ce, "To?"

Na ce, "Ya cika, Gwaggo."

"Na ga ya cika. Gyara fa?"

Jama'a, a nan ne ya kamata in yi shiru. Ko in yi tari. Ko in ce ina zuwa in bi ta lungu in nufi Dala. Maimakon haka sai na ɗaga murya yadda na baya za su ji, na ce, "Gwaggo, ai wannan inji ba ya ba da gyara. Amfaninsa ke nan. Zamanin a zuba wa mutum abin da bai saya ba ya wuce."

Ina ganin fuskokin da suke murmushi ɗazu suna sauyawa ɗaya bayan ɗaya. Masu tuya suka fara kallon juna suna kife kwanukansu. Gwaggo ta dafa ƙirji ta ce, "Inna lillahi. Ni za ka gaya wa haka? A bakin wa ka ji?"

Wani attajiri mai sayar da goro, wanda dama ba ya son wannan haɗin, ya juya wurin Alhaji ya ce da murya mai sanyi, "Alhaji Mamuda, ashe an daina gyara a gidan nan? Ba mu ji ba."

Wanda bai san Kano ba zai ɗauka tambaya ce. A kasuwa a ce ba ka gyara, an ce maka marowaci ke nan, kuma suna ne da ke bin mutum har 'ya'yansa. Alhaji ya nemi a daina zubar masa da mai, bai nemi a ɓata masa suna ba. Bai taɓa ambata mana gyara ba saboda bai zaci akwai ɗan Kano da sai an gaya masa ba. Mu kuma ba mu tambaya ba, tunda ba ta cikin littafi. Ya dube ni, babu dariya a fuskarsa, ya ce, "Malam ƙarami, a ba gwaggonka gyararta."

Na ce, "To, Alhaji." Na juya wurin injina, sai a lokacin na gane matsalar. In na ja hannu zai juye mata cikakken gwangwani, daga nan kuma kowace mai tuya sai ta nemi irinsa, Alhaji ya tashi da tanki wayam. In ban ja ba, babu ko ɗigo. Famfon yana cikin akwatin da ni da kaina na liƙe, ina alfahari. Ludayin shagon ma ni na sa aka kawar da shi da safe, wai don kada ya ɓata tsari.

Amma fa ban karaya ba, kuma wannan ita ce babbar matsalata a lokacin, ba na karaya. Na tuna akwai wani noti a ƙasan bututu wanda muka tanada don ranar da za a wanke shi. Na ce in na ɗan sassauta shi kaɗan, mai zai ɗiɗɗigo, in tara wa Gwaggo, in ɗaure, a tafa min. Malam Inuwa ya gane inda na dosa, ya ce, "Tsaya a rufe tanki tukuna."

Na ce, "Ba sai an rufe ba, Malam, ɗan juyi ɗaya ne."

Na tattare rigar yayana, na kwanta rigingine a ƙarƙashin bututu, na sa sifana. Juyi ɗaya, shiru. Na ƙara, mai ya fara tsattsafowa ya jiƙa min yatsu. Na ajiye sifana na kama notin da hannu don in lallaɓa shi. Sai na ji ya yi sauƙi. Kafin in ce wani abu ya sulɓe daga yatsuna, ya buga a goshina, ya gangara kwata.

Ban san ko an taɓa juye muku tankin man gyaɗa a fuska ba. Da ɗumi yake zuwa, kuma ba ya gaggawa, ba ya kuma tsayawa. Ya cika min ido da hanci, na buɗe baki in yi salati ya cika shi ma. Na toshe ramin da babban yatsa, man ya fito ta gefe ya wanke tabarmar mai unguwa. Ina jin ihu da gudun takalma, ina jin Malam yana neman tsani. Kafin ya hau ya rufe tankin, rigar angoncin yayana ta koma kalar ƙuli-ƙuli.

Na yunƙura in tashi da mutuncina. Ƙafa ta tafi gabas, na dawo ƙasa. Na sake yunƙurawa na kama ƙafar benci, bencin ya biyo ni. A na ƙarshe sai na haƙura na rarrafo waje, na miƙe a hankali ina ɗiga ta ko'ina. Hula ta tafi. Fensir kuwa, don ya ƙarasa ni, yana nan daram a bayan kunne.

Sai Gwaggo ta tako a hankali tana kaffa-kaffa da zaninta, ta tara kwanonta a ƙarƙashin hannun rigata inda mai ke zuba. Ta bari ya ɗiga son ranta, ta leƙa, ta ce, "Ya isa haka. Allah ya amfana."

Alhaji Mamuda ne ya fara fashewa. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, rawaninsa ya kwance. Mai unguwa ya bi, mai goro ya bi, masu tuya har da guɗa. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Malam Inuwa, yana kan tsani yana kallon ƙasa. Duk santsin da na sha bai dame ni kamar fuskarsa ba. Na san shekarun da ya yi yana bin mutanen nan, ga shi na zubar masa da su a kwata. Na taka daga Jakara har Sheshe a haka, ƙudaje na rakiya, kowa na matsa min hanya. Yayana bai yi min magana ba sai bayan sallar layya.

Washegari yunwa ta fito da ni, na je wurin Gwaggo na miƙa kwano kaina a ƙasa. Ta zuba abin da na saya, ta tsaya. Na ci gaba da riƙe kwanon, don hannuna ya saba jira. Ta ce, "Me kake jira? Zamanin ya wuce." Haka ta yi min kullum, a gaban kowa, ba fashi.

Bayan 'yan kwanaki Alhaji ya aiko a kira mu. Muka tafi ni da Malam, ni dai na gama sallama aikin. Muka tarar ya sa an nemo wani noti an ɗaure, ana ta ciniki da injin, ga tukunyar mai da ludayi a gefe.

Ya ce, "Malam Inuwa, injinku na da gaskiya. Tun da aka kafa shi ba wanda ya ce an rage masa. Abin da mutum ya saya, inji ya auna masa, na yarda. Amma gyara tawa ce. Ni na san wadda mijinta ba shi da lafiya, na san wadda ta fara tuya jiya, na san wadda in na cika mata da yawa za ta raina ni. Wannan ku bar wa hannuna. Ku sa min ɗan ƙaramin famfo a gefe."

Malam ya ce, "An gama, Alhaji. Maganar ɗalibai fa?"

"Tana nan. Amma da sharaɗi. Duk wanda za ku turo min, sai ya zauna a kan bencin nan ya sayar da mai tukuna kafin ya taɓa sifana." Ya nuna ni da haɓa. "Da wannan za a fara. Ya riga ya san ɗanɗanon kayan."

Haka aka yi. Na zauna a bencin da na ƙi zama, da kakina, har damina ta wuce. Ni na fasa akwatin da na liƙe, ni na sa ƙaramin famfon. Daga baya mai goron nan da kansa ya zo makaranta yana tambaya ko za a yi masa abin da zai riƙa yayyafa wa goronsa ruwa, Malam ya ba shi kujera ya kuma ba shi goro.

Ranar da famfon ya fara aiki Gwaggo ta zo. Na ja hannu inji ya cika mata, sannan na buɗe ƙaramin na ƙara mata, ban jira ta tambaya ba. Ta ɗauki kwanonta ta tafi. Da safe na miƙa kwano ta zuba abin da na saya, ta daɗe tana juya mai da tsinke, sannan ta lalubo wani ɗan mitsitsin ƙosai da ya ƙone a gefen kasko ta jefa min. Ta ce, "Daga nan za ka fara." Ban taɓa cin ƙosai mai daɗinsa ba.

Na yi shekaru ina ƙera injuna bayan nan, manya da ƙanana, wasu ma na koya wa ɗalibai. Duk wanda ya kawo min zane, kafin in duba lissafinsa sai na tambaye shi ko ya zauna a shagon, kuma ta ina mai shagon zai sa hannu in gwaggon wani ta zo. In ya ce ai injinsa ba ya bukatar hannun mutum, ba na musu da shi. Sai dai in ba shi shawara ranar gwaji ya zo da kaki, kada ya ari rigar kowa.